Irin da Baba ya raba

Bayan an rufe masaƙa a Kakuri, Baba ya koma noma a wata 'yar gona da ya ara can bayan Romi. Ni ce babba a gidan, ina ɗinki, don haka maganar tukunyarmu da ni take kwana. Ni kuwa mai saurin tsorata ce, kowa ya san ni da haka.

Wata shekara na raka shi Sabon Tasha ya sayi sabon irin masara, na cikin leda, wanda aka rina ja da magani. Mai shagon, wani Ibo da Hausa ta zauna a bakinsa, ya ce, "Baba, wannan iri shuka ɗaya ne. Kada ka ajiye 'ya'yansa, baɗi ka dawo ka sayi sabo."

Muna fita Baba ya yi tsaki. "Ɗan kasuwa ke nan. Yaushe aka taɓa yin masarar da ba ta haifar irinta?"

Masarar ta yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo. Da kaka Baba ya yi yadda ya taso ya ga ana yi. Ya zaɓi manyan goyo, ya ɗaure su da ɓawonsu, ya rataye a madafa inda hayaƙi zai kori ƙwari. A wurinsa iri ba abin sayarwa ba ne, kuma ba a hana wanda ya roƙa.

Wadda ta roƙa maƙwabciyarsa ce a gona, wata 'yar kudancin Kaduna da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Baba ya cika mata ƙwarya yana ta fara'a. Daga baya na ji cewa tsohon irinta ta kai inji sun yi tuwo da shi, tunda ta samu wanda ya fi shi. Na tuna wa Baba maganar mai shago, ya ce in ji da kekena in bar masa gona.

Damina ta sauka, suka shuka. Ban iya zama ba. Sai in bar ɗinkin mutane in hau Keke Napep in je in leƙa, kuma ba tamu nake fara dubawa ba, tata. A kunya ɗaya wata masarar ta kai kafaɗata, ta kusa da ita ko gwiwa ba ta kai ba. Baba ya ce taki ne. Da aka ƙara taki ya ce ruwa ne. Daga nan ya daina cewa komai, ya kuma rage cin abinci. Mu dai ko gona ta ƙi, akwai ɗinkina. Ita ba ta da komai sai wannan masarar, kuma ina jin tsoron abin da yaranta za su ci kafin wata damina.

Bayan girbi, wata Lahadi da yamma, sai ga ta ta yi sallama, da kayan cocinta a jiki da kwando a ka. A wurinsu wanda ya ba ka iri sai ka kai masa daga abin da ka girba. Ta durƙusa ta sauke. Ta zaɓo mafi kyau ne, amma duk ƙanana, wasu rabinsu totuwa.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Ka ba ni iri mai kyau, ni ce ban iya kula da shi ba. Na ɓata maka."

Baba ya daɗe yana kallon kwandon. Na tsayar da keken ɗinki.

"Ba laifinki ba ne," ya ce a hankali. "An gaya mini tun a shago."

Ta ɗago kai. "An gaya maka me, Baba?"