Shekarar da Na Kwashe 'Yan Gaba

A shekarata ta huɗu a Makka ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani masaukin alhazai da ke Jarwal. Lokacin Hajji ko ruwa ba ma iya sha a zaune, amma da alhazai sun watse sai gari ya yi sakayau, zafi ya sauka, aiki ya koma na duba wayoyin wuta da wanke tace. A irin wannan lokaci ne muke ƙwallo.

Filinmu yana can bayan unguwar Shisha, a gindin dutse, inda ake ajiye manyan motocin alhazai. Idan motocin suka tafi sai su bar mana ƙasa mai tauri da ɗigon baƙin mai. Mu ashirin da takwas ne, ƙungiya huɗu, bakwai-bakwai, kowace Juma'a bayan La'asar. Da can Kanawa ne gefe guda, mutanen Nijar gefe guda, har wata rana aka kusa ba hammata iska a kan bugun kwana. Tun daga nan aka ce kowace shekara a rushe ƙungiyoyin, a naɗa kyaftin huɗu, su riƙa zaɓen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kawo wannan tsari wani dattijo ne mai sayar da turare, wanda kakanninsa suka zo ta Sudan a ƙafa. Baba muke ce masa, kuma shi ne alƙalin wasa, don babu mai iya yi masa musu.

A wannan shekara aka ce ni ne ɗaya daga cikin kyaftin ɗin. Na ji daɗi ƙwarai, domin a ganina ni ɗan gaba ne da ba a san darajarsa ba.

Abokin zamana a ɗaki wani tela ne Basakkwace, ya girme ni da kusan shekara goma. Ba ya buga ƙwallo saboda ciwon gwiwa, amma babu Juma'ar da yake fashin kallo. Ranar zaɓe da safe, muna cin tamis da ful, wato burodi da wake, ya ce mini:

“Ƙanena, ka jiya. Gola ukku muka da su, ƙungiya huɗu ce. Wanda duk ya yi sanya, shi za a bari da raga wofi. Ka fara da gola.”

Na ce, “Yaya, ai ƙwallo ci ake yi. Wanda ya fi kowa iyawa shi ake ɗauka, sauran a gyara daga baya.”

“To mi za ka gyara da shi in kayan sun ƙare?”

Na ce masa ya bar mini, na san abin da nake yi. Ya ci gaba da cin wakensa.

A bakin fili aka yi zaɓen. Baba ya rubuta lamba a takardu huɗu ya zuba a hularsa, na sa hannu na ciro ta ɗaya. Sauran 'yan wasa ashirin da huɗu suna zaune a kan duwatsu, kowa yana nuna kamar bai damu ba.

Akwai wani direban tasi haifaffen Makka, iyayensa mutanen Chadi ne, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin kasuwa ba. Idan ya ɗauki ƙwallo sai ka rantse da zare ya ɗaure ta a ƙafarsa. Ban ko yi tunani ba na nuna shi. Wannan kam ko telan da ke tsaye a bayana bai ga laifina ba. Kyaftin na biyu, wani Bakatsine mai lissafi, ya ɗauki golan da ya fi kowa, wani kuku mutumin Damagaram.

Da aka zagayo kaina, saura gola biyu. Na buɗe baki zan kira ɗaya, sai idona ya faɗa kan wani dogon magini ɗan Agadas, wanda idan aka ɗaga ƙwallo sama babu mai taɓa ta sai shi. Na yi mamakin yadda aka bar shi har yanzu. Na ce a raina, barin irin wannan ai asara ce. Na ɗauke shi. Kyaftin na uku ya ɗauke gola na biyu.

Zagaye na uku saura gola ɗaya tak, gajere, mai tabarau da yake ɗaurewa da roba a ƙeya. Telan ya fara tari a bayana, tarin da babu mura a cikinsa. Ni kuwa na lissafa cewa babu mai gaggawar ɗaukar mai tabarau, zai jira ni zuwa zagaye na gaba. Ga kuma wani wanzami Bazazzagi mai gudu kamar an biyo shi. Na ɗauki wanzamin. Kyaftin na huɗu ko numfashi bai ja ba ya kira mai tabarau.

Tarin ya tsaya. Na waiwaya, telan yana kallon dutse.

Daga nan sai na ga tunda gola ya kuɓuce, dabara ita ce mu ci fiye da yadda za a ci mu. Saura zaɓe uku, kuma kowane zagaye sai in tarar wanda ya fi iya wasa cikin waɗanda suka rage ɗan gaba ne, don sauran kyaftin ɗin sun shagala da kwasar 'yan baya. Haka na ɗauki uku a jere. Da Baba ya karanto sunayen ƙungiyata, ya sauke takardar ya dube ni ta saman gilashinsa.

“Ɗana, wa zai tsaya a baya?”

Na ce, “Baba, ƙwallon ba za ta zo bayan ba.”

Ya ce, “Allah ya sa.”

Juma'ar farko da Bakatsinen aka haɗa mu. Mun sa rigunanmu, mun yi ɗan tsalle-tsalle, sai Baba ya ce gola ya shiga raga. Ragar bututun ruwa ne guda uku da aka haɗa, aka dasa a cikin bokitan fenti cike da siminti. Muka tsaya muna kallon juna.

Direban ya dafa ƙirji ya ce, “Ana muhajim, ya ammi,” wato shi ɗan gaba ne, kawu. Maginin ya nuna tafukansa da siminti ya farfasa. Wanzamin ya ce da yatsun nan yake ciyar da mutum tara a Zariya, idan ɗaya ya karye wa zai riƙe aska. Na huɗu ya ce idonsa ba ya son rana ta fuskance shi. Na biyar ya ce an taɓa sa shi gola yana yaro, har yau mahaifiyarsa ba ta yafe wa wanda ya sa shi ba. Na shida bai kawo dalili ba, ya dai durƙusa yana ɗaure takalmin da yake a ɗaure.

Baba ya duba agogo ya ce Magariba ba za ta jira mu ba.

Maginin ya ce, “Kyaftin, mu ba mu zaɓi kanmu ba. Kai ka zaɓe mu.”

Na koma jakata na ɗauko safar hannun da nake kwance na'ura da ita, na shiga raga.

Abin da na fi tunawa a wasan nan shi ne kaɗaici. Mutum shida na can gaba, duk bayansu nake gani, tsakanina da su fili ne fetal. Minti biyar da farawa direban ya yanke mutum uku ya jefa ƙwallo a raga, na ɗaga hannu ina neman telan da ido don ya gani. Ban sauke hannun ba na hango mutum uku na Bakatsinen sun taho da ƙwallo, babu kowa a gabansu sai ni. Har shawara suka tsaya yi a kan wanda zai buga.

Mun ci shida a ranar, abin da ba a taɓa yi wa kukun nan ba. Su kuma suka ci tara. Ɗaya ta bi ta tsakanin ƙafafuna, ɗaya kuma na faɗi dama tun kafin a buga, mai bugun ya jira na gama faɗuwa ya tura ta hagu. Duk wadda aka ci sai 'yan gabana su juyo daga nesa su buɗe hannuwa, kamar ni na gayyato baƙin.

Muka koma Jarwal a mota. Da muka shiga ɗaki telan ya miƙo mini man zafi ya ce, “Shafa a gwiwar, gobe akwai dawam, aiki ba ya jira.”

Cikin makon na je wurin Bakatsinen neman musaya. Na ce ya ba ni kukun in ba shi 'yan gaba biyu, ya zaɓa. Ya ba ni shayi, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce direban yake so, a haɗa masa da maginin. Na shanye shayin na tashi.

Da na rasa yadda zan yi sai na wuce gidan abincin da kukun yake aiki. Na same shi a lungun baya yana yankan albasa, na gaya masa gaskiya cewa koyo na zo. Mutumin kirki ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce:

“Malam, kai ba na faɗuwa ba ne. In ka faɗi, kafin ka tashi an yi sallar Isha. Allah ya ba ka faɗi, ka yi amfani da shi. Ka fito, ka buɗe hannu, ka yi ihu. Kuma ka nemo mutum biyu su tsaya gabanka, ko da ba su iya komai ba.”

Ya sa na tsaya jikin bango ya riƙa jifana da albasa, ina cafkewa, har mudirinsu, wato manajan wurin, ya leƙo ya tambaya da Larabci ko lafiya.

Neman mutum biyun ya fi albasar wuya. Wanzamin ya yarda zai koma baya rabin lokaci, da sharaɗin duk fenaritin da aka samu shi zai buga. Maginin ya ce shi bai ƙi ba, amma a garinsu babban ɗan baya shi ne kyaftin, ba zai iya tsawata wa mutane ba alhali ba shi da muƙami. Na kwance ƙyallen kyaftin da telan ya ɗinka mini na ɗaura masa a dantse. Cikin mako biyu na rasa lamba tara ta ɗan gaba, na rasa kyaftin.

Amma abin ya yi aiki. Maginin ya tsaya gabana kamar katanga, duk ƙwallon da ta taso sama ya mayar da ita da ka. Ni kuma na daina faɗuwa, na koma fitowa da ihu, har wani ya taɓa barin ƙwallo ya kauce. Muka ci wasa biyu, muka yi canjaras ɗaya. A ƙarshe mu ne na uku cikin huɗu, kuma direban ya fi kowa zura ƙwallo. Maiɗakina da na ba ta labari a waya ta tambaya ko na uku ana ba shi wani abu. Na ce a'a. Ta ce to in riƙa kula da gwiwata.

Da shekara ta zagayo ba a ba ni kyaftin ba, na koma cikin masu zama a kan dutse. Maginin ne ya samu ƙungiya, telan yana tsaye a bayansa yana yi masa raɗa. Na gyara zama ina jiran zagaye na huɗu ko na biyar, inda ake kiran 'yan gaba irina. A zagaye na biyu na ji maginin ya kira ni.

Na ce, “A gaba dai ko?”

Baba ya ce, “Bana gola huɗu muke da su, alhamdu lillahi,” ya rubuta.

Direban kuwa Bakatsinen ne ya same shi. Ranar da muka haɗu ya ci ni uku, kuma duk wadda ya ci sai ya shiga raga da kansa ya ɗauko ƙwallon, ya dafa kafaɗata ya ba ni haƙuri da Larabci, “Ma'alesh, ya ammi.”