Ranar da Karupayi Ta Sauka Ƙarshen Rafi

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Yaya Karupayi a layin sama na ɗakunan ma'aikatan gonar shayi, bangon kuma bai kai kaurin tafin hannu ba, don haka duk abin da zan faɗa a nan da kunnena na ji ko da idona na gani. Munsharinta ma na haddace shi. Ta ce in na rubuta zancen munsharin za ta fasa min kai da dutsen niƙan barkono. To ga shi na rubuta, ai ba ta iya karatu ba.

A wannan gonar shayin aka haife ta, ɗaki na uku daga famfo. Tana shekara goma sha huɗu aka rataya mata igiyar kwando a ka, ta shiga tsinkar ganye, ba ta ajiye ba sai da ta cika sittin. Mijinta Periyannan, mai datse itatuwan shayi, ya daɗe da rasuwa. 'Yarta ɗaya, Selvarani, tana ɗinki a wani kamfanin tufafi can birnin Kolombo. Ban da wannan, rayuwar Karupayi hawa ce da sauka, safe da yamma, a rana ko a ruwa.

Rafin da ke bayan layinmu, inda take wanki tun tana ƙarama, yana wuce gonar kabejina kaɗan sai ya kai bakin dutse ya faɗa. Mu Ƙarshen Rafi muke ce wa wurin. Wannan ƙarshen namu shi ne mutane ke cika bas su zo kallo daga ƙasa, har da Turawa masu jajayen gwiwoyi. Mu ƙeyar ruwan muke gani, su fuskarsa. Karupayi ta nuna wa baƙi hanya ba adadi, ita kuwa ba ta taɓa sauka ba. Ranar aiki aiki, ranar hutu itace da wanki. Nakan ce mata kumfar sabulunta ta fi ta yawon duniya, tunda har hoto ake ɗaukarta.

Bara likitocin ido suka zo makarantar yaran gonar. Suka ce mata yanar ido ta gama rufe idon hagu, na dama kuma akwai ciwo can ciki wanda aiki ba zai gyara ba, wataƙila kafin damina ta zagayo haske da duhu kawai za ta riƙa bambancewa. Ta dawo, ta dafa shayinta ba madara, ta gutsuri mazarƙwaila, sannan ta buga bango ta ce min za ta ga fuskar ruwan nan tun idon yana aiki, kuma ni zan raka ta. Ba tambayata ta yi ba.

Akwai titi, amma yana tsayawa ne a ƙetaren kwari, inda masu lafiyar ido ke hango ruwan daga nesa. Ita nesa ba ta da amfani a wurinta. Sai hanyar ƙafa, wadda ke bin gefen dutsen har gindin ruwan.

Ranar hutun da ake yi duk cikar wata sai ta fito kamar mai zuwa biki: sabon sari shuɗi, dogon zanen da matanmu ke naɗawa, wanda Selvarani ta aiko, silifas masu tudu, ga jaka a hannu irin ta 'yan birni. Ta ce haka ta ga masu zuwa kallo suna yi, ita ma ba za ta je a raina ta ba. Ba mu yi taku talatin daga itacen shayi na ƙarshe ba ta zame. Ta tashi, ta sake zamewa, ta zauna daɓas a laka, matsattsaku uku sun riga sun maƙale mata a ƙwauri. Matar da ta shekara arba'in da shida tana sauka gangaren da ya fi wannan. Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Ta cire silifas ɗin ta riƙe a hannu, ta ɗingisa zuwa gida.

Mako biyu gwiwar tana kumbure, kwana huɗu ba ta amsa gaisuwata ba. Matan layi suka yi ta ba ta baki, wai tsufa ne, ta haƙura. Selvarani ta kira ta ce za ta zo mata da babban hoton ruwan ta kafa a bango. Ta bango na ji amsar: hoto ai idon wani ne ya gani.

Wata Lahadi da safe na same ta a gonata. Ƙafa ba takalmi, ta goge ƙwauri da sabulu da garin taba saboda matsattsaku, buhu a ɗaure a ƙugu, tsohon kwandonta a baya, ga doguwar sandar aikinta. Tana yankar kabejina.

"Yaya, sata da rana tsaka?"

"Rufe min baki, mai bakin aku. Ba tsufa ne ya kayar da ni ba, bayana ne da babu kaya a kansa. Ƙafata ba ta taɓa sauka gangare ba sai da nauyi yana ja na ta baya. Zuba shida, manya."

Na zuba. Igiyar na zama a kanta sai wuyanta ya miƙe, tafiyarta ta koma wadda na sani. A karkace take sauka, sanda ta taɓa wuri, yatsun ƙafa su kama, sannan ɗayar ƙafar ta biyo. Inda idonta bai gani ba tafin ƙafarta ya karanta mata. Ni mai ido biyu sau uku na zauna, duk lokacin kuma sai ta tambaye ni ko in shiga kwandon ne. Wasu baƙi da muka yi kiciɓis da su har suka taya kabejin, ta ce ba na sayarwa ba ne, birki ne.

Da muka kai gindi, hazo ya rufe komai. Ƙara kawai, kamar jirgin ƙasa a kan gada. Na ce mu juya kafin ruwan la'asar ya sauko hanya ta lalace. Ta nemi dutse ta zauna, ta kwance roti, irin gurasarmu, da dakakken barkono mai kwakwa, ta miƙo min ɗaya, ta ce in ina sauri hanya ga ta nan. Ƙungiya uku ta baƙi suka zo suka ɗauki hoton hazo suka tafi. Muna zaune.

Wajen ƙarfe biyu iska ta taso daga kwari ta yaye hazon. Na nuna mata ruwan. Ta ƙura ido, ta ce fari kawai take gani, sama fari, ruwa fari. Sai ta gyara igiyar kwando ta hau jiƙaƙƙun duwatsun nan masu santsi, ina biye ina roƙonta, har feshin ruwan ya jiƙa mu sharkaf. Daga nan baƙin dutse ya fito hagu da dama, farin ruwan a tsakiya. Ta rufe mataccen idon da tafin hannu, ta ɗaga yatsa ta bi ruwan tun daga sama har ƙasa, a hankali, sau uku.

"Na gan shi," in ji ta. "Ashe biyu ne. Yana rabuwa a tsakiya, na hagu ya fi siriri."

Na duba. Haka ne. Sau biyu na taɓa zuwa wurin nan, ban lura ba. Ta tsaya a haka har hannunta ya gaji, hazo ya fara dawowa, sannan ta ce ya isa, mu hau. Idon bai ƙara wata uku ba bayan wannan ranar.