Rariyar Kududdufinmu

A bayan gidanmu na Gwammaja akwai kududdufin da kakanninmu suka tare da bangon ƙasa don ruwan damina ya tsaya. A nan muka koyi iyo, manya kuma su jefa ƙugiya da la'asar. Ta gabas an bar rariya mai faɗi, inda ruwa ke malala idan ya cika. Ɗakin kakata, Iya, shi ya fi kusa da bangon.

Bayan sallar isha'i Iya takan zauna gaban murhu tana gasa mana gyaɗa, mu kewaye ta. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matso kada ta wuce ku." Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wai Ruwa ne ya sauka baƙunta gidan wani attajiri. Gonar attajiri ta yi kyau, 'ya'yansa suka sami abokin wasa. Don kada baƙon ya tafi, sai ya sa aka liƙe ƙofar ɗakinsa da laka. Ruwa ya yi ta roƙo a buɗe masa, aka yi masa shiru. Da ya gaji, ya fita ta ɗakin maigidan, ya tafi da gado da tukwane.

"Shi fa bai zo da faɗa ba," in ji Iya, "hanya kawai ya nema." Mu kuwa gadon da ke iyo ne ke ba mu dariya.

Shekarar da soja za su miƙa mulki, ina da aure har da ɗa, muka rasa inda za mu kafa rumfar jam'iyya. Rariyar nan ce kaɗai fili. Muka cike ta da ƙasa, ni ma na ɗauki kwano. Iya ta aika aka kira ni.

"Audu, to shi ruwan ta ina zai bi?"

Na ce mata farar hula na zuwa, da mun ci zaɓe za a yi mana kwalbati. Ta ce Allah ya sa.

Ruwan Agusta ya riga kwalbatin zuwa. Da hantsi bangon ya fashe ta wajenmu. A baya na goyo Iya na fito da ita, ɗakinta kuwa ya rushe. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Muka kai ta gidan gwaggona a Mandawari, wai kafin a gyara.

Sai da na tsufa na gane cewa waɗanda suka yi bangon ba su bar mana wani bayani ba sai abin da Iya ke faɗa gaban murhu. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Duk ranar da na je gaishe ta, sai dai ta tambaya ko ƙasa ta bushe a fara gini. A can Mandawari ta rasu, a ɗakin da ba nata ba.