Yatsan Mai Taru

Mai Taru bai taɓa yarda da takarda ba. Shekara hamsin yana jan taru, talatin daga ciki shi ne bakin masunta a gaban hukuma, amma in aka kawo masa takarda sai ya sa mutum biyu sun karanta masa, su ma waɗanda ba sa ga maciji da juna. In bakinsu ya zo ɗaya, sannan ya dangwala yatsa.

Sau uku ana yunƙurin karɓe gaɓar da masunta ke ɗaure kwale-kwale, sau uku yana zuwa ofis da kayan aikinsa, ko wanka bai yi ba. Sai ya zauna a benci ya ce ba ya sauri, in ƙarnin kifi ya ishe su za su kira shi. Kuma suna kiransa.

Jikarsa, wadda kowa ke kira 'Yar Kaka, ita ke gyara masa kifi, ita ke shafa masa mai a hannu in igiya ta ci shi. Yakan ce, "A hankali, Uwargida, hannun nan ne ya ciyar da ke."

"Ya ciyar da ni ƙaya dai, tsoho!"

Da tsohon ya rasu, ko sati biyu bai yi a ƙasa ba, sai ga kawunta ya shigo zaure da wani mai jaka, wai wakilin masu son gini a gaɓar. Kawu ya tara masunta, ya ce marigayi ya sallama wurin kafin ya cika, ga takarda da dangwalensa. Gobe kowa ya kwance kwale-kwalensa.

Masunta suka yi tsuru-tsuru. In Mai Taru ya yarda, wa zai ja?

'Yar Kaka ta leƙo daga bakin ƙofa. Ita dai tun shigowarsu take kallon yadda Kawu ke share gumi, alhali zauren da sanyi.

"Su wa suka karanta masa?"

Kawu ya ce, "Ni."

"Kai da wa?"

"Ke, maganar manya ake yi!"

Ta shige ciki, ta jawo gwangwanin da tsohon ke ajiye takardunsa a ƙarƙashin gado, ta dawo zaure ta zazzage a tabarma. Kowace takarda da dangwalensa, kuma kowane dangwale a rabe yake biyu, da farin layi a tsakiya, inda igiyar taru ta yi wa babban yatsansa kwari tun yana saurayi. Ta ɗauko takardar mai jaka ta ajiye a gefensu. Dangwalenta sumul, ko ƙwarzane babu.

Wani tsohon masunci ya kai ta kusa da ido, ya duba nasa yatsan, ya ce, "Wannan hannun bai taɓa jan igiya ba."

Duk zauren an san mutum ɗaya a gidan da ko kwale-kwale ya gani sai jiri ya kama shi.

'Yar Kaka ta ce, "Kawu, fito da hannunka daga aljihu mana. Tun da ka shigo ba ka gaisa da kowa ba."

Bai fito da shi ba. Mai jaka ya miƙa hannu zai ɗauke takardarsa, ta riga shi, ta jefa a gwangwani ta rufe.

Kwale-kwalen suna nan a ɗaure inda Mai Taru ya bar su.