Tsamiyoyin Masu Nono

Shekaranjiya motarmu ta tsaya shan mai a Kankia. Ina saukowa na gane wurin. Filin da Malam ya koya mana tsara lambun shan iska ne, an malale shi da siminti.

Lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa muna ɗalibai a Zariya, aka turo mu nan wurinsa, tsohon ma'aikacin gandun daji. Kullum aljihunsa cike yake da 'ya'yan tsamiya, yana tafe suna ƙara. Na kai masa zanena ina ji da kaina: ciyawar Turawa, furanni, ga waya ta kewaye ko'ina. Sai ya zaunar da ni a filin da tsakar rana, ƙasa na ƙona ni ta cikin wando, har Fulani masu tallar nono suka ɓullo ta hanyar Kafinsoli, suka ratsa ta gabanmu suna neman inda za su sauke ƙwarya.

Ya ce, "Ɗana, ka ga inda suka bi? Nan ka sa wayarka. Ƙafa ke zana hanya, kai dai bi ta da inuwa."

Muka bi sawunsu muka dasa tsamiya.

Shekaranjiya ko kututture ban gani ba. Wata tsohuwa mai nono ce tsugune jikin katangar gidan man, tana kare ƙwaryarta da mayafi. Ni kuwa shekara da shekaru ina maimaita maganar Malam a aji, ɗalibai su rubuta, su ci jarrabawa, su fita su zuba siminti.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya zaunar da shi a inuwar da ba mai sare ta.