Bakina Ya Ƙi Cewa "Wan Minit"

Jama'a, ku taya ni murna, tabarau ɗin Inna ya kama hanyar Funtuwa!

Ɗazu gosulo ya riƙe danfonmu, wato bas ɗin haya, a Ketu nan Legas, sai ga kiran Malam Sale, direban da ke kawo tumatir kasuwar Mile 12. Shi zai kai wa mahaifiyata tabarau ɗin da na yanko mata. Wata biyu ke nan ta kasa karanta Alƙur'aninta, kuma in Malam Sale ya tafi ba zai dawo ba sai bayan mako uku.

"Hajiya, mun gama sauke kaya. Kina ina?"

Matar da ke gefena ta zungure ni: "Ce masa wan minit!"

Kun san wan minit ɗin Legas. Tela ya faɗa miki, ki dawo jibi. Amma bakina ya ƙi.

Na ce, "Gaskiya zan kai rabin awa. In ba hali, Allah ya kiyaye hanya."

Sai da na yi minti arba'in. Ina ta kutsawa tsakanin kwandunan tumatir, sai ga motarsa tsaye!

Ya ce, "Da wan minit kika ce, wallahi da tuni na tafi. Mai wan minit ba a sanin ranar zuwansa."

Na ce, "To, ka yafe min minti goman da na ƙara."

Ya yi dariya, ya sa tabarau ɗin a aljihun gaba.

Alhamdulillah, jibi Inna za ta buɗe Alƙur'aninta. Ku fa, wan minit ɗin wa kuke jira har yau?