Madugun Catford

Shekara goma da 'yan kai Malam Maharazu ya yi yana tuƙa jar bas mai hawa biyu a unguwar Catford, can ƙasar Turawa, kuma in ka tambaye shi zai ce maka aiki alhamdu lillahi. Bazazzagi ne gajere mai fara'a, ga riƙon amana kamar me. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: hanyar da yake bi ba tasa ba ce. Wani ya tsara ta, wani kuma ke tsayawa bakin titi da agogo a hannu yana duba ko ya makara.

Da kuɗin fetur suka cika gida, kowa na cewa Najeriya ta yi kyau, sai ya yanke shawarar komawa a shekarar 1976. Amma ba a jirgin sama ba. Ya sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da tankin ruwa, ya ce da ita zai ratsa Faransa, ya ƙetare teku, ya keta hamada ta Agadas da Damagaram har ƙofar gidansu. Shi kaɗai da matarsa Karimatu. Inda ya ga dama ya tsaya, inda ya ga dama ya kwana.

Karimatu ta saurare shi tana kan keken ɗinkinta, ba ta ko ɗaga ƙafa ba.

"Malam, hamada fa ba titin Lewisham ba ce. In da ayari, ina gaban mota. In kai kaɗai ne, na yi booking ɗin jirgina, mu haɗu a gida."

Abin ya sosa masa rai ƙwarai. Shi duk burinsa ya juya ya gan ta a gefensa suna kallon duniya tare, bayan shekarun da ta yi tana kallon bangon flat. Ya haɗiye girman kai ya shiga wani ayarin Turawa masu irin motarsa, wanda wani dogon Bature mai gemu ke yi wa madugu. Dokokinsa kuwa sun fi na kamfanin bas: lokacin tashi, lokacin shayi, kowa da lambarsa a layi.

To, labari ya bazu cewa Maharazu zai tafi gida a mota. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da ya biyo baya. Ɗalibai daga unguwar Bloomsbury, likitoci, matan unguwar Barking, kowa ya zo da "ɗan saƙo, ba nauyi". Rediyo, bargo, agogon bango, tukwanen silba na kayan ɗakin wata ƙanwa. Maƙwabcinsa Rwang, mutumin Jos mai aiki a gidan waya, ya turo firji a kan amalanke yana haki, wai na tsohuwarsa ne. Wa ke mayar da saƙo? Maharazu bai iya ba, Karimatu kuwa ta fi shi karɓa, har da ƙari da "ai ba komai".

Ranar duba motoci, madugun ya zagaya tasu sau ɗaya. Bayanta ya zauna daɓas kamar kaza a kan ƙwai. Ya ce ko rabin kayan nan su sauka, ko babu su a ayarinsa, don ba zai tsayar da jama'a suna tonon yashi saboda firjin wani ba. Gaskiyarsa ce, kuma ba abin da ke ba mutum haushi kamar mai gaskiya da gemu.

Suka dawo gida. Maharazu ya zauna a bakin ƙofar motar, hula a gwiwa. Ya bi gida gida ya ce wa mutane ga kayanku? Gara ya ɓace a hamadar. Amma in babu ayari, babu Karimatu.

A haka Rwang ya same shi. Da ya ji zancen sai ya yi dariya har da dukan cinya.

"An yi cancel saboda firjina? Malam, ai ni ma hutuna ya taru. In na samu van, sai mu raba kayan, ka shige gaba in bi ka."

Matarsa Kaneng ta ce ba za a bar ta a baya ba. Wani likita da ya sayi sabuwar mota yana tunanin yadda zai kai ta Kaduna ya ce shi ma a sa da shi. Abin nema ya samu. Suka shirya cewa in sun kai bakin yashi za su ɗauki Buzu ya yi musu jagora, don Maharazu da taurin kansa ya san inda iliminsa ya tsaya.

Karimatu ta leƙo ta taga ta ga motoci uku a jere.

"Wannan ayari ne?" in ji Maharazu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ƙarami ne. Amma ayari ne." Ta miƙo masa tukunyar tuwonta. "Sa min ita kusa da murhu."

Safiyar tafiya, titin ya cika da 'yan rakiya, ana ta addu'a da Hausa da Birom, Turawan unguwa na leƙe ta labule. Rwang ya tsaya sallama da mutane ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Maharazu tsaye bakin titi, ya ɗaga hannun riga yana ƙwanƙwasa agogo.

"Rwang, mun makara! Kowa ya shiga motarsa, kuma ba mai wuce ni."

Karimatu, da ta riga ta zauna a gaba da kwanon cincin a cinya, ta yi dariya har da hawaye.

"Madugu uban tafiya! Malam, ashe ba agogon ka tsana ba, a hannun wani ne ba ka so."

Bai musa ba. Ya shiga ya tayar da mota, ya juya ya dube ta a gefensa, ya ce, "Bismillah."